Tsarabar Unguwar Lalle

Ranar kasuwar Isa ce, hantsi ya dubi ludayi, lokacin da Alhaji Badaru ya buɗe but ɗin motarsa don ya saka kilishin da ya saya, ya tarar babu kula. Ya ƙara leƙawa, kamar kula abu ce da za ta ɓuya a bayan ƙullin daddawa. Ga buhun gero kwance, ga daddawa da kuka, ga robar man shanu, amma jar kular da ya ajiye da hannunsa tun da sassafe ta yi ɓatan dabo. Salatin da ya saka ya sa masu rake da masu lemo suka bar kayansu suka taho.

Ba fura ce a cikin kular ba. Gwal ne na ƙanwarsa Safiyatu, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, abin da marigayiya mahaifiyarsu ta bar mata. Zaman ƙauye a yanzu ba ya barin mace ta kwana da irin wannan kaya a ƙarƙashin gado, shi ya sa da Alhaji ya je gida Unguwar Lalle ta naɗe su a tsumma, ta zuba a kula, ta ba shi ya tafi da su Gusau inda yake kasuwanci. Shi kuwa ya jefa a but, don a ganinsa babu ɓarawon da zai kula kular abinci. Da ya iso Isa ya ajiye motar a gefen kasuwa, ya shiga cin tuwo da gaisawa da abokai, ya daɗe.

Mutanen kasuwa ba sa son laifi ya jima babu mai shi. Kafin Alhaji ya gama bayani, wata mai ƙosai ta tuna ta ga wani Bafulatani a bayan motar. Wani ya ce ai ya ga ya tashi ya tafi, ya kuma dawo. Nan da nan aka riƙe shi. Sunansa Jibrilla, rugarsu tana gabas da gari tun zamanin kakansa. Aka yi masa dukan da ake wa wanda ba a gama tabbatarwa ba, wato aka bar masa ƙafafunsa, sannan 'yan sintiri suka ɗaure shi a jikin turken rumfarsu. Samari suka fara jera babura. Maganar da ke yawo ita ce, in bai fito da kayan ba kafin la'asar, za a je rugar a bincika. Kowa a Isa ya san yadda binciken ruga yake ƙarewa a 'yan shekarun nan.

*

Abbas, shugaban 'yan sintirin, shi ya aika a kira Bawa daga kara, inda ake cinikin shanu.

Bawa mai bin sawu ne, dattijo siriri mai tsagen Gobirawa, mutumin Kurawa da ya daɗe a Isa. A da, in jaki ya ɓata ko an kore wa mutum saniya, shi ake nema, ya duƙa ya bi ƙasa har ƙofar wanda ya yi. Yanzu aikin ya ja baya, don masu korar shanun zamani sawunsu kowa yana gani, bin sa ne babu mai yi. Ba mutum ne mai zafin tausayi ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Abin da ya tsana a duniya shi ne a karanta ƙasa ba daidai ba.

"Baba Bawa, aikin ba ya da yawa," in ji Abbas. "Ɓarawo shina hannu. Sawunai kawai za ka bi muna, mu ga inda ya kai kaya ya ɓoye."

"To, tunda kun gama aikin, bari in ga abin da kunka rage min."

Abin da suka rage masa kaɗan ne. Taron ya tattake gefen motar kaf. Sa'a ɗaya, Alhaji ya matsa da bayan motar kusa da wani gini, wurin ya yi ƙunci, mutane ba su shiga sosai ba. Bawa ya tsuguna a nan. Ga sawun takalmin roba irin na makiyaya, ga ramin gindin sanda, ga wurin da mutum ya zauna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya nufi rumfar 'yan sintiri.

Jibrilla na zaune a ƙasa, leɓensa ya kumbura, an cire masa takalma an ajiye a kan benci a matsayin shaida. Bai kai shekarun da Bawa ya zata ba.

"Mi ka zauna yi bayan motar mutane?"

"Inuwa, Baba. Macce nike jira, tana tallar nono."

"Ka tashi ka dawo, an ce."

"Kanwa na tahi saye ma shanu. Ga ta can sun amshe."

"Ka taɓa motar?"

Jibrilla ya ɗago kai. Ya dubi Abbas, ya dubi ƙasa. "Na jingina bayana. Wallahi iyakata ke nan."

Bawa ya koma wajen Abbas ya gaya masa abin da ya gani. Yatsun sawun duk suna kallon ginin, duga-dugai ne a wajen motar, kuma sun nutse kamar na wanda ya miƙe ƙafa yana hutawa. Mai buɗe but fuskantarsa yake yi, kuma in ya ɗago murfi nauyinsa kan yatsu yake komawa. Babu sawu ko ɗaya na yaron da ya fuskanci motar.

"Ko ya goge," in ji Abbas.

"Ya goge na sata ya bar na zama? To, ya cika mai hankali."

Wannan bai sa an kwance Jibrilla ba. Ya dai sa wasu samari biyu sun kashe baburansu.

*

Da taron ya ga Bafulatani yana neman kuɓucewa, sai ya nemi na biyu ya ajiye a gefe. Wani ya nuna ƙarce a bakin ramin makullin but ɗin. Wani ya tuna cewa Abdurra'uf mai faci, wanda rumfarsa ke tsallaken titi, shi ake kira in direba ya kulle makulli a cikin mota, ya zo da 'yar wayarsa ya buɗe kafin a ƙifta ido. Abin da jiya ake gode masa a kai, yau ya zama abin tuhuma.

Bawa ya same shi yana tsoma tayar babur a ruwa yana neman huji.

"Ka zo kusa da motar?"

"Na zo, Baba. Alhaji da kainai yac ce in duba mishi iskar tayar baya. Na duba, na dawo. Ku tambaye shi."

"Ka iya buɗe irin wagga?"

"Na iya." Ya ajiye tayar. "Amma wagga ba ta buƙatar iyawa. Da na duƙa wurin taya na ga murhin bai kama ba sosai. Na so in hwaɗi mishi, ya riga ya shige kasuwa."

Bawa ya koma ya sa farce a cikin ƙarcen. Tsatsa ta ci cikinsa, ƙarcen ya ga damina aƙalla ɗaya. Ya dubi Alhaji Badaru, wanda ke tsaye yana fifita da hularsa, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Alhaji, ka kulle motar ga?"

"Na danna rimot."

"Ta yi ƙara?"

Alhaji ya daina fifita. Daga baya ya ce batirin rimot ɗin ya kwana biyu yana yi masa wasa, kuma yana tafiya ya danna, bai waiwaya ba. Taron ya ɗauki surutu. Ke nan but ɗin a buɗe yake tun da motar ta iso, kuma kowa a kasuwar Isa yana iya zama ɓarawon. Abin mamaki, wannan bai rage wa Jibrilla komai ba. Cewa aka yi, ai shi ya sa bai sha wahalar buɗewa ba.

*

Bawa ya ce a ba shi wuri, ya ɗaga murfin but ɗin da kansa. Bai taɓa bin sawu a cikin mota ba, amma da ya leƙa sai ya ga ƙasa ce kamar kowace. Shimfiɗar but ɗin ta yi furu-furu da wani gari mai toka-toka.

"Wanga hwa?"

"Siminti ne," in ji Alhaji. "Na kai gida don gyaran ɗakin Gwaggo Fatu, buhu ɗaya ya hwashe a hanya. Ban samu an share ba."

"Allah ya yi ma wanda bai share ba albarka. Ina ka aje kular?"

"Nan, hannun hagu."

Hannun hagu kuwa buhun gero ne kwance, ya cika kusurwar. Bawa ya tambaya ko wani ya motsa shi tun da aka buɗe. Alhaji ya ce wa zai motsa shi, kula ai ba ta shiga ƙarƙashin buhu ta kwanta. Bawa ya duba gefunan buhun. Babu alamar ja ko turawa a cikin simintin. Akwai ɗan huji a ɗinkin gindinsa, geron da ya zuba ya taru wuri ɗaya, ya yi 'yar tsibi kamar gidan tururuwa.

"Wa ya sa buhun ga?"

"Tsaraba ce daga gida."

"Na sani. Wa ya sa shi?"

Alhaji ya ɗan ɓata fuska, kamar an tambaye shi abin kunya. "Ina zan... ina za ni sani, Malam Bawa? Makulli anka amsa, ni ko na tahi sallama da liman. Za ni tsaya bisa kansu ina kallon abin da za su ba ni?"

Gaskiyarsa. A ƙasar nan, in baƙo zai tafi, ko da ɗan gida ne da ya zo daga birni, karɓar makullinsa ake yi a zuba masa abin da ya samu. Shi kuma ya kau da kai, ya nemi wani abin yi, don tsayawa kallon tsaraba alama ce ta kwaɗayi, buɗe ta a gaban masu bayarwa kuwa raini ne. Sai ya yi nisa ya duba, ya kira waya ya yi godiya. Alhaji Badaru mutum ne mai kunya, bai buɗe but ɗinsa ba sai a Isa.

Bawa ya kira Abbas. Ya ce su kama buhun su ɗaga shi sama tsaye, kada su ja. Suka ɗaga, suka fitar.

A ƙarƙashinsa, cikin simintin, ga zagayen gindin kula ya fito sarai, kamar an buga hatimi. A kan zagayen kuma ga zanen saƙar buhu ya hau.

Bawa ya bar su suka kalla har suka ƙoshi. Sannan ya yi bayanin da yake wa duk wanda ya taɓa bin sa daji: in sawu biyu suka haɗu, wanda ya hau kan ɗan'uwansa shi ne na baya. Kula ta zauna a nan, an ɗauke ta, sannan aka kwantar da buhu a gurbinta. Buhun kuma bai motsa ba tun da aka kwantar da shi.

"Alhaji, kular ga ba ta zo Isa ba."

Alhaji Badaru ya mayar da hularsa kansa a karkace. Ya fi son a ce masa duk kasuwar ɓarayi ne da wannan maganar, kuma fuskarsa ba ta ɓoye ba.

*

Abbas ya so a bar Jibrilla a ɗaure har su je Unguwar Lalle su dawo. Bawa ya dubi samarin da ke zaune a kan babura ya ce a'a, da shi za a tafi, tunda shi ne wanda ake tuhuma, ya kamata a yi komai a gabansa. Haka aka sa shi a kujerar baya tsakanin Abbas da Bawa, hannu a ɗaure, ƙafa babu takalmi. Karo na farko ke nan da ya ga cikin motar da ake cewa ya yi wa sata.

Suka wuce Sabon Birni, gonaki a share, karan gero a tattare, damman dawa jingine a gindin itatuwa. Wayar Alhaji ta yi ta ƙara, bai ɗauka ba. Tun daga Isa ya riga ya kira gida ya faɗa musu an yi sata kuma an kama ɓarawo, yanzu bai san me zai ƙara ba.

Gidan babban gida ne na gado, 'ya'yan wa da ƙani duk a ciki, kowa da sashensa. Safiyatu ma ba ta bar shi ba, don ɗan baffansu take aure, Hamza, manomi mai ƙoƙari wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Bawa ya ce kada a gaya wa kowa abin da aka gani a but. Ya nemi izini, aka shigar da shi wajen Gwaggo Fatu.

Tsohuwar na zaune a ƙofar ɗakinta da ake gyara, tana tsinke zogale. Ba ta jira an gama tambaya ba.

"Ni na amshi makulli, ni na hwara sa kayana. Daddawa da kuka da man shanu. Daddawar ga ni na yi ta da hannuna, ba irin ta kasuwa ba ce."

"Kin ga kula a ciki?"

"Jar kular Sahiya mai hure? Na gan ta. Na ce a raina, yarinyar ga ta dama ma yayanta hura ko ɗanɗane ba ta ba ni ba. Ashe ba hura ba ce." Ta girgiza kai. "Sai na ba Hamza makulli ya sa gero, ni ba ni iya ɗaukar buhu."

Safiyatu ta yi magana ne daga bayan labule, muryarta ta dushe da kuka. Bawa ya tambaye ta wa ya san abin da ke cikin kular.

"Ni da Yaya."

"Maigidanki hwa?"

"Ban gaya mishi ba, Baba. Na taɓa kawo maganar, yac ce abin da ke gidanai shi ke tsaronai, ba a kai shi gidan wani. Ni ko tsoro nike ji. Na ce in Yaya ya isa lahiya sai in hwaɗi."

Bawa ya yi mata sallama. Ya fito yana zagaya gidan a hankali, hannuwa a baya, kamar baƙon da ke yaba gini. Siminti ya ɓata ko'ina a wajen ɗakin Gwaggo, sawun yara da na kaji sun kai shi har tsakar gida, wannan ba ya gaya masa komai. Ya bi ta bayan sassan, inda rumbunan ƙasa ke jere da hulunansu na ciyawa. A jikin ɗaya akwai tsani jingine. Ya hau matakala kaɗan, gwiwarsa tana ƙara. A kafaɗar rumbun, inda mai hawa zai ajiye abin da ke hannunsa kafin ya ɗaga murfi, ga rabin zagaye mai toka-toka a kan jar ƙasa.

Bai taɓa murfin ba. Rumbun namiji ba a leƙa shi, ko matarsa ba ta san zurfin abin da ke ciki ba, balle baƙo. Ya sauko ya tambayi wata yarinya mai wanke-wanke na wane ne, ta gaya masa.

*

Bayan la'asar aka taru a zaure. Alhaji Badaru a kan kujera, Abbas a bakin ƙofa da Jibrilla a ƙasa kusa da ƙafarsa, Gwaggo Fatu a ƙofar ciki, Safiyatu a bayanta inda ba a ganinta sosai. Hamza ya shigo daga gona, ya gaisa da kowa, ya dubi Jibrilla sau ɗaya ya kau da ido.

"Malam Hamza, kai ka sa gero?" in ji Bawa.

"Ni na sa."

"Ka ga kula?"

"Na gan ta." Ya amsa da sauri, kamar wanda ya yini yana shirya amsar. "Tana hannun hagu. Na aje buhu gehenta, na ruhe but, na kai ma Yaya Alhaji makulli."

"Gehenta."

"Gehenta."

Abbas ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi tabarma. Bawa ya faɗi abin da suka gani a ƙarƙashin buhun, a taƙaice, da muryar da yake faɗin cewa jaki ya bi ta arewa. Sannan ya ce gindin kular ya ɗebi siminti, duk inda aka ajiye ta sai ta bar alama, kuma ya ga alamar a kafaɗar wani rumbu.

"Ban buɗe ba. Ba ni buɗe rumbun wani. Mai shi ya tahi ya buɗe."

Hamza ya zauna kamar bai ji ba. Gwaggo Fatu ta fara salati a hankali. Can sai ya miƙe ya shiga ciki, aka ji motsin tsani, aka ji shi yana saukowa. Ya dawo ya dire jar kular a tsakiyar zauren, ƙaiƙayi manne a murfinta.

"Ban sata ba," ya ce, kuma ba Bawa yake kallo ba, ƙofar ciki yake kallo. "Na buɗe but na ga kular gidana. Na ce mi ta ke yi nan? Na buɗe. Macce tana ɗakina, tana cin hatsina, ta kwashe abin da ta mallaka ta ba wani ya tahi da shi, ni ban sani ba. Kamar ni ne ɓarawon da ta ke gudu. Na ce bari in aje, in ga ranar da za ta buɗe baki ta gaya min."

"Kayanta ne, Hamza," in ji Gwaggo Fatu.

"Na sani, Gwaggo. Ko ɗan kunne ban taɓa ba."

Daga bayan tsohuwar aka ji kukan Safiyatu. Bawa ya yarda da mutumin. Wanda zai sayar da gwal ba ya barin tsani a jingine. Amma akwai sauran tambaya ɗaya, kuma ya ga babu mai niyyar yin ta.

"Da Alhaji ya kira yac ce an kama mutum a Isa, kana ina?"

"Ina nan."

"Ka ji?"

Hamza ya sunkuyar da kai. "Na ji. Na ce za su tambaye shi su sake shi, tunda ba su ga komi wurinai ba."

Babu wanda ya dubi leɓen Jibrilla. Alhaji Badaru, wanda da hantsi yake rantsuwa sai ya ga ƙarshen ɓarawon ko waye shi, ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ya ce alhamdu lillahi kaya sun fito. Ya ce wannan magana ce ta gida, ta miji da mata, kuma shi yana roƙon arziki a rufa asiri, kada ta wuce zauren nan. Abbas ya ce ai rufin asiri abu ne mai kyau. Ya duƙa ya kwance igiyar.

Jibrilla ya murza wuyan hannunsa. Alhaji ya ba shi haƙuri, haƙuri na gaske, har muryarsa ta karye. Ya ce buhun geron nan da ke mota nasa ne, ya ɗauka ya kai wa iyali.

"A'a, Alhaji, na gode," in ji Jibrilla. "In anka gan ni da kayan motarka, wa za ya tsaya tambaya?"

Ya nemi a mayar da shi Isa kafin rana ta faɗi, ya karɓi takalmansa da kanwarsa.

*

Abbas ya cika alkawari. Da suka koma, abin da ya gaya wa kasuwa shi ne an ga kaya, Alhaji ya yafe, kowa ya watse. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Kasuwa kuwa ta cike sauran da kanta: an tafi da Bafulatani a mota, an dawo an ce kaya sun fito, to ina za su fito in ba shi ya nuna ba? Har yabon Alhaji aka yi da haƙuri.

Bawa bai yi wa kowa alkawarin shiru ba. Duk wanda ya tambaye shi, yana gaya masa cewa kular ba ta taɓa zuwa Isa ba, yaron kuma inuwa kawai ya sha. Sai dai masu tambayar ba su da yawa, kuma in ya kai wajen siminti da saƙar buhu, sai ya ga idonsu ya koma kan cinikinsu. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Ya karanta ƙasa daidai, an ga kaya, ba a ƙona ko bukka ɗaya ba, amma bai ji daɗin da ya saba ji ba.

Kasuwa ta zagayo, matar Jibrilla ta kawo nono, ta koma da shi kusan yadda ta zo. Ta sake zagayowa, ba a gan ta ba.

Washegari da safe Bawa ya ɗauki sandarsa ya nufi gabas da gari. Ya tarar da da'irorin bukkoki a ƙasa, da duwatsun murhu, da turakun maruƙa da aka bari. Sawun garken ya fita ta bayan tsamiya ya miƙe arewa, wajen iyaka. Ya duƙa don sabo. Shanu a gaba, jakai da kaya a baya, ga sawun mata, ga na yara ƙanana ya hau kan na shanun. Ba su yi gudu ba, babu wanda ya kore su. A can gefe ga takalmin roba da ya sani, da ramin gindin sanda, mai shi ya tsaya ya juyo ya fuskanci gari, ya daɗe a tsaye har duga-dugansa suka nutse, sannan ya bi bayan shanunsa.

Bawa ya bi sawun har bakin rafi. A nan ya tsaya, don babu wanda ya aike shi, kuma babu abin da aka sace.